Kawuna huɗu a tambarin Sardiniya: daga ina suka fito, kuma su wa ake nufi?

Wani ɗan'uwa mai kallon ƙwallon Italiya ne ya aiko da tambayar. Ya lura da bajon da ke ƙirjin rigar ƙungiyar Kaliyari, ya ga jan gicciye da kawunan baƙaƙen mutane huɗu, kowanne da farin ƙyalle ɗaure a ka. Da ya bincika sai ya tarar ashe tambarin Sardiniya ne baki ɗaya, tsibirin Italiya da Kaliyari ke babban birninsa, ƙungiyar aro ta yi. Yana son ya san ko bayi ne aka zana, ko cin fuska ne ga baƙar fata ko ga Musulmi, da kuma abin da ya sa a wani hoton ƙyallen yake a goshi, a wani kuma ya rufe idanu.

Ɗan'uwa, ba bayi ba ne. Zanen ya girmi jigilar bayi ta tekun Atlantika da shekara ɗari da hamsin da ɗoriya, domin tun 1281 ake da shaidarsa, su kuwa jiragen Fotugal sai a shekarun 1440 suka fara kwasar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma. Amma kada wannan ya sa ka ɗauka asalinsa mai daɗin ji ne. Kawunan abokan gaba ne, Musulmi, a hatimin wani sarkin Kirista. Kuma ba a Sardiniya aka ƙirƙiro shi ba. Waɗanda suka ci tsibirin da yaƙi ne suka zo da shi.

Mu fara da abin da ido ke gani. Garkuwa ce mai farin fili, wanda a ilimin tambura ake kira azurfa. Jan gicciye ya raba ta gida huɗu, shi ne wanda Kiristocin Turai ke jinginawa ga Waliyyi Jorj, irin wanda ke tutar Ingila da ta birnin Jenowa. A kowane gida akwai kai guda, baƙi ƙirin, an zana shi ta gefe, an yanke a wuya, gashi a nannaɗe, farin ƙyalle ya zagaye shi an ƙulle a ƙeya, bakinsa biyu na reto. Masu wannan sana'a launuka kaɗan suke aiki da su: ƙarfe biyu, zinariya da azurfa, sai ja da baƙi da shuɗi da kore, wani lokaci da shunayya. Ƙa'idarsu ita ce ba a ɗora launi a kan launi ko ƙarfe a kan ƙarfe, saboda a iya gane garkuwar mutum daga nesa cikin ƙurar yaƙi. Ja da baƙi a kan azurfa sun cika wannan ƙa'ida sarai, shi ya sa ka gane bajon nan a talabijin duk da ƙanƙantarsa. Akwai kuma ƙa'idar fuskanta. Duk mai rai da aka zana a garkuwa, dabba ko mutum, yana duban hannun daman mai riƙe da ita, wato hagun mai kallo, sai in an faɗi akasin haka. Dubi jar mikiyar da ke saman tambarin Najeriya, can take kallo. Ka riƙe wannan, za mu bukace shi a gaba.

Turawan kudu na wancan zamani suna kiran Musulmin Andalus da na Magrib da suna ɗaya, Moro, ko Balarabe ne, ko ɗan ƙabilun Amazig dangin Buzaye, ko ɗan ƙasar da kakanninsa suka musulunta. Yawancinsu ba baƙaƙe ba ne yadda aka zana su. Sai dai mai zanen tambari ba hoton mutum yake yi ba, alama yake yi, kuma baƙi ne launin da aka saba ba wa kan Moro. Turawan sun kuma ga baƙaƙen sojoji da idonsu, domin rundunar Murabiɗun ta Yusufu ɗan Tashfin, wadda ta karya sarkin Kastil, masarautar Kirista a Sifaniya ta yau, a Zallaƙa a 1086, tana da dakaru daga kudancin Sahara.

Labarin da aka fi bayarwa game da asalin tambarin daga Aragon ya fito, wata masarauta a arewa maso gabashin Sifaniya ta yau. A watan Nuwamba na 1096 Sarki Pedro na ɗaya ya gwabza da rundunar Musta'in na biyu, sarkin Zaragoza daga gidan Banu Hud, a wani fili da ake kira Alkoraz kusa da garin Huesca. Mahaifin Pedro, Sancho Ramirez, a jikin ganuwar wannan gari kibiya ta kashe shi shekara biyu kafin nan. Pedro ya yi nasara, garin ya faɗa hannunsa. Har nan tarihi ne. Daga nan almara ta karɓa: wai Waliyyi Jorj ya bayyana a kan farin doki da jan gicciye a garkuwarsa, ya taimaki Kiristoci, bayan ƙura ta lafa aka tsinci kawunan sarakunan Moro huɗu a filin daga, sai sarki ya sa su a tambarinsa.

Ban yarda da wannan a matsayin asalin tambarin ba, kuma dalilina na farko daga cikin sana'ar kanta yake. A 1096 babu tambarin gado a Turai. Wannan al'ada ta garkuwa mai zane tsayayye, wanda ɗa ke gada daga uba, sai a tsakiyar ƙarni na 12 ta kunno kai. Su kansu jajayen sandunan gidan sarautar Aragon da Barselona, hatimi mafi tsufa da ke ɗauke da su na wajajen 1150 ne. Labarin waliyyin sai a rubuce-rubucen ƙarni na 14 ya bayyana, na kawuna huɗun kuma marubutan ƙarshen ƙarni na 15 da na 16 ne suka yayata shi. Tambarin ya riga labarin zuwa, daga baya aka ɗinka masa labari. Yaƙin ma bai rabu gida biyu tsaf yadda almarar ke so ba. Akwai manyan Kiristocin Kastil, irin su Garsiya Ordoñez, da suka zo da mayaƙansu suka tsaya a gefen Musta'in. Shi kuma Pedro ɗin da ake cewa ya tara kawunan Musulmi, da haruffan Larabci yake sa hannu a takardunsa, kuma takardun suna nan har yau. Duk lokacin da na tuna da wannan nakan ji takaicin yadda zane ɗaya ya shafe zaman cuɗanya irin wannan daga tunanin mutane.

Shaidar farko ta haƙiƙa hatimin darma ce ta fadar Pedro na uku na Aragon, ta shekarar 1281. Gicciye ne da kawuna huɗu, kuma babu ƙyalle a kansu ko ɗaya. Duba lokacin. Pedro na uku yana haɗa jiragen yaƙi, yana shelar cewa gaɓar Afirka ta Arewa ya nufa. A 1282 ya sauka a Kollo, a Aljeriya ta yau, daga can kuma ya juya ya karɓe Sisili bayan mutanenta sun yi wa Faransawa bore. Sarkin da ke son duniyar Kirista ta gan shi a matsayin mai yaƙin gicciye, irin wannan hatimi ya dace da bukatarsa. A fahimtata nan ne ma'anar farko take, shela ce ta sarauta, ba lissafin wasu sarakuna huɗu da aka san sunayensu ba.

Yadda ya isa Sardiniya gajere ne. A 1297 Fafaroma Bonifas na takwas ya ƙirƙiri wata sarauta a takarda, ta Sardiniya da maƙwabcin tsibirinta Kosika, ya miƙa wa Jaime na biyu na Aragon, alhali tsibiran suna hannun wasu. Aragon ta zo da runduna a 1323, ta kori mutanen birnin Pisa na Italiya da ke riƙe da wani sashe na Sardiniya. Sabuwar sarauta tana bukatar tambari, sai aka ba ta wannan daga cikin na gidan. A wani kundin tambura da wani mai shelar fada na ƙasar Gelre ya zana a ƙarshen ƙarni na 14, wanda ke ajiye a Burasel, an nuna kawuna huɗun a matsayin na Sardiniya, kai ɗaya kuma na Kosika. A cikin Sardiniya kanta sai a ƙarshen ƙarni na 16 ya fara yawaita a littattafai da kuɗi da gine-gine.

Su mutanen Sardiniya suna da nasu labaran guda biyu, kuma sun fi na Aragon jan hankalina, domin a nan ake ganin yadda jama'a ke mayar da kayan wani nasu.

Na farko ya ce kawunan na tuna korar Mujahid al-Amiri ne. Mujahid mutum ne na gaske, sarkin Daniya a gaɓar Andalus, wanda ya mallaki tsibiran Baliyar kuma ya kawo jirage Sardiniya a 1015 da 1016, har jiragen Pisa da Jenowa suka haɗu suka fatattake shi da goyon bayan Fafaroma Benedikt na takwas. Alarammomi sun san garinsa ko da ba su san sunansa ba, domin a Daniya, ƙarƙashin inuwar wannan sarki, Abu Amr ad-Dani malamin ƙira'a da rasmin Alƙur'ani ya zauna, a can kuma ya rasu. Harin ya faru, amma babu abin da ya haɗa shi da tambarin, wanda ya bayyana bayan shekara 260 da wani abu a wata ƙasa dabam. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Kaliyari ta fi kusa da birnin Tunis a kan birnin Rum, kuma ƙarnuka da dama mazauna gaɓa suna kwana da fargabar jiragen 'yan fashin teku daga Afirka ta Arewa. Hasumiyoyin tsaro na dutse da aka jera a bakin ruwa zamanin mulkin Sifaniya suna nan tsaye. A watan Satumba na 1798 maharan Tunis suka faɗa wa ƙaramin garin Karloforte da dare, suka kwashe mutum sama da 800, mata da yara da yawa a ciki, sai a 1803 aka fanso su. Wanda kakarsa ta ba shi wannan labari, in ya ga kawunan Moro a tuta, ba ya bukatar malamin tarihi ya fassara masa. Ya kamata a faɗi kuma cewa fashin ta kowane ɓangare ake yi, jiragen Kiristoci ma suna kwasar Musulmi suna sayarwa a kasuwannin Kaliyari da Jenowa.

Na biyu ya ce kawuna huɗun masarautu huɗu ne na tsibirin kafin zuwan baƙi: Kaliyari, Torres, Gallura da Arboreya, waɗanda masu mulkinsu ake kiransu alƙalai. Lissafin ya yi daidai, huɗu da huɗu, shi ya sa labarin ya shiga rai. Amma uku daga cikinsu sun rushe tun kafin ƙarshen ƙarni na 13. Ta huɗun, Arboreya, ita ce ma babbar abokiyar gabar masu wannan tambari. Da fari ta taimaka wa Aragon a kan Pisa, sannan a 1353 mai mulkinta Mariyano na huɗu ya juya wa Aragon baya, aka shiga yaƙin da ya ɗauki shekaru kusan saba'in. 'Yarsa Eleonora ita ce ta fitar da kundin dokokin ƙasa a wajajen 1392, wanda aka yi aiki da shi har 1827. An karya Arboreya a Sanluri ranar 30 ga Yuni, 1409, a 1420 kuma aka sayar wa Aragon abin da ya rage na haƙƙin sarautar. Ita tutarta koren itace ne da aka tumɓuke da saiwarsa, a kan farin fili.

Yanzu ga maganar ƙyalle, wadda ita ce ta fi tayar da jijiyar wuya a tsibirin. Ka ga a 1281 babu shi. A zane-zanen ƙarni na 16 da na 17 kowane mai zane da yadda ya ga dama: wani ya sa kambi, wani rawani, wani ƙyalle a goshi, wani ya juya kawunan dama, wani hagu, wani ya sa suna kallon juna. Ƙyallen goshi a al'adar tambura alamar daraja ce, ɗan'uwan kambi ne, yana nuna wanda aka zana shugaba ne. A 1720 tsibirin ya koma hannun gidan Savoya na Turin, waɗanda suka ɗauki laƙabin sarakunan Sardiniya, kuma wannan sarauta ce ta rikiɗe ta zama Italiya a 1861. A zamaninsu ne ƙyallen ya zamo ya sauka kan idanu, har ya zama haka aka saba gani. Bayani biyu ake yi. Wasu sun ce da gangan mahukuntan Turin suka yi, don su nuna talakawan tsibirin makafi ne da ake ja. Wasu sun ce kuskuren masu sassaƙa ne. Na fi karkata ga na biyu. Wanda ya taɓa riƙe tsohon kwabo ko hatimi ya san kan da ke ciki bai kai ƙwayar gero biyu ba. Tsakanin goshi da ido layi ɗaya ne na bakin ƙarfe, kuma mai kwafa daga kwafi ba ya tambayar ma'ana. Gwamnati ma ba ta cika ɓata tambarin da ke ɗauke da laƙabin sarkinta da hannunta ba.

Amma ko kuskure ne, abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Mutanen tsibirin suka dubi kawunan nan masu rufaffun idanu suka ce, ai mu ne. Talauci ya yi musu katutu, zazzaɓin cizon sauro na cin su, daga nesa ake mulkarsu da harshen da ba nasu ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka tara samarinsu, galibi makiyaya da manoma, a runduna ɗaya mai suna Sassari, aka tura su tsaunukan arewa, tsibirin ya rasa mutum sama da 13,000. Waɗanda suka dawo, ƙarƙashin irin su Emilio Lussu da Camillo Bellieni, suka kafa jam'iyyar neman 'yancin cin gashin kai a Oristano a watan Afrilu na 1921, suka ɗauki kawuna huɗun a matsayin tutarsu. Daga ranar ma'anar ta kife. Kan da aka zana don nuna wanda aka ci da yaƙi ya zama fuskar mai riƙe da tutar.

Bayan Sardiniya ta samu matsayin yanki mai cin gashin kansa a 1948, majalisarta ta zauna a watan Yuni na 1950 don zaɓen tambari. Wani ɗan majalisa, Antonio Era, farfesan tarihin shari'a a jami'ar Sassari, ya miƙe ya gargaɗe su cewa kawunan ba masarautu huɗun nan ba ne, kuskuren fahimtar tarihi ne, kuma tambarin bai kai yadda ake zato zama ɗan asalin tsibirin ba. Gaskiya ya faɗa, majalisar kuma ta zaɓe shi duk da haka, kuma ban ga laifinta ba, domin a lokacin jama'a sun riga sun zub da jini a ƙarƙashinsa. Dokar shugaban ƙasar Italiya ta 5 ga Yuli, 1952 ta tabbatar da shi: garkuwa mai siffar ƙwai, kawuna na duban hagun mai kallo, idanu a rufe. Sai ranar 15 ga Afrilu, 1999 majalisar yankin ta yi dokar tuta, ta ce a ɗaga ƙyallen zuwa goshi, kawunan kuma su juya wa sandar tuta baya. Wannan juyin ya saɓa wa ƙa'idar fuskanta da na ambata, kuma masana tambura sun yi gunaguni, amma 'yan majalisar saƙo suke son aikawa, ba ƙa'ida suke bi ba. To dokar 1999 tuta ta shafa. Tambarin 1952 ba a soke shi ba. Abin da ya sa kake ganin iri biyu ke nan.

Maƙwabciyarta Kosika ta riga ta a wannan hanya. Pasquale Paoli, wanda ya jagoranci tsibirin daga 1755 zuwa 1769 yana yaƙar Jenowa sannan Faransa, ya mayar da kai ɗayan nan alamar ƙasarsa, kuma ana ba da labarin cewa shi ya sa aka buɗe masa idanu don nuna Kosika ta farka.

Saura tambayarka mai nauyi, ko cin fuska ne. Kada a yi wa duk baƙin kai da ke tamburan Turai kuɗin goro. Na garin Koburg a Jamus Waliyyi Moris ne, sojan Rumawa daga Masar da Kiristoci ke girmamawa, wanda mutum-mutuminsa na wajajen 1240 a majami'ar Magdeburg ya nuna shi baƙin Ba'afirke sanye da sulke, fuska a natse. 'Yan Nazi sun cire shi daga tambarin garin a 1934 saboda launinsa, aka mayar da shi a 1945. Fafaroma Benedikt na 16 ma ya sa baƙin kai mai kambi na garin Freising a Jamus a tambarinsa a 2005. Waɗannan girmamawa ce. Na Aragon kuwa ba girmamawa ba ce, kuma duk wanda ya ce maka ado ne kawai bai faɗa maka gaskiya ba. Har yau yana ɗaya daga cikin gidaje huɗu na tambarin yankin Aragon, da sunan gicciyen Alkoraz, kuma ma'anar da ake koyarwa a can ita ce ta kawunan da aka sare. A 2004 shugaban gwamnatin yankin, Marcelino Iglesias, ya taɓo maganar cire su bayan ƙorafin Musulmin da ke zaune a can, aka yi masa ca, maganar ta mutu. Ina ganin masu ƙorafin suna da hujja. Yaron da aka haifa a Zaragoza, sunansa Muhammadu, yana da damar tambayar abin da ya sa takardun gwamnatin yankinsa ke ɗauke da wannan.

A Sardiniya hukuncina dabam ne, ko da yake zanen ɗaya ne. Makiyayin da ke ɗaga tutar a zanga-zangar farashin madara, ko ɗan ci-ranin da ya rataye ta a ɗakinsa a Jamus, ko masu bikin 28 ga Afrilu da ke tuna korar wakilin sarkin Turin a 1794, ba murnar kashe Musulmi suke ba. Kansu suke gani a ciki, shi ya sa buɗe idanun ya dame su har suka yi masa doka. Ba wanda ke damuwa da ko kan maƙiyinsa yana gani ko ba ya gani. Abin da nake zarginsu da shi ɗaya ne, yawan maimaita labarin masarautu huɗu a takardun yawon buɗe ido, shekara saba'in da wani abu bayan Antonio Era ya faɗa musu ba haka ba ne.

Akwai ma 'yan tsibirin da ba sa son tambarin sam, ba don Musulmi ko baƙar fata ba, sai don na Aragon ne. Yawancinsu masu neman ɓallewa daga Italiya ne. A tarukansu koren itacen Arboreya suke ɗagawa, wanda kuma yake cikin tambarin lardin Oristano, inda fadar Eleonora take.